Kwanon Loma

Yayata ta kaina,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa, tare da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da ɗiyata. Allah Ya sa ku saba da sabon wuri, Ya sa albarka a aikin da ya raba mu da ku, Ya kare ku daga abin ƙi. Mu nan lafiya lau muke, sai kewarku. Gwiwar Umma ta yi sauƙi tun da ta yarda ta daina hawa bene da kwandon wanki. Kawu yana nan da motarsa da surutunsa, kullum sai ya biyo ya sha shayi ya gyara duniya kafin ya tafi. Ni ma ina fama a shagon ɗinki. An kawo mana sabon keke mai lantarki, gudu yake kamar an biyo shi, har yanzu ni da shi ba mu gama fahimtar juna ba.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ke ce mai magana, ni nawa daga "to" sai "na ji". Saƙonki ya iso, cewa in ɗauke ɗan kwikwiyon da kika bar wa Umma in kai wa ƙawarki ta wurin aiki, tunda ya yi rashin lafiya a hannunmu. Ban ga laifinki ba, wallahi. Kin saya wa ɗiyarki shi, tafiya ta zo ba shiri, kika bar shi amana, sai kawai kika ji an kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti. Ko ni ce hankalina zai tashi. Amma daga bakin Kawu kika ji labarin, kuma kin san Kawu, wurin tashin hankalin kawai yake ɗauka ya ƙara masa gishiri. Ki yi haƙuri ki ji sauran kafin ki yanke, don ban kai shi ba tukuna.

Kin tuna yadda Umma ta sha mur ranar da kika kawo shi. Ta ce ita ba ta taɓa zama da kare ba, kuma ba a tsufanta za ta fara ba. Ta gindaya sharaɗi cewa iyakarsa barandar bayan kicin, kada ya kuskura ya leƙa ɗakinta. Sunan turancin da kuka sa masa kuwa ta ce harshenta ba zai juya shi ba, ta dube shi a tafin hannuna ta ce wannan ai bai wuce loma ɗaya ba. Shi ke nan, Loma ya bi shi, yanzu ko kin kira shi da wancan sunan ba zai waiwayo ba. To amma kin san Umma, duk abin da ke da baki a gidanta ya zama nata. Matar da ta yi shekara da shekaru tana riƙe da ludayi a kicin ɗin masana'anta, ma'aikata na rububin layinta saboda hannunta ba ya rawa wajen zubi, ita za a ce wa ta auna abinci da ɗan kofin nan da kika bari? Ta ce wannan rowa ce tsagwaronta, ta jefa kofin a aljihun tebur. Kwanon Loma kullum cike yake fal har da tozo. In saman ya kwana ya sha iska, ta juye wa tsuntsaye ta zuba sabo. Shi kuma ya zo ya ɗan tsakura ya tafi wasa, ya dawo ya tsakura, kowa yana ganin ai ga abinci nan, babu wata damuwa.

Ranar da abin ya faru na dawo gida da rana cin abinci, na tarar da Umma a baranda tana kiransa, shi kuma yana tangaɗi, jikinsa na kyarma, idanunsa sun yi wani iri. Ga kwanonsa a gefe cike maƙil. Umma ce ta fi ni natsuwa, ta naɗe shi a tawul, ta rungume shi a ƙirjinta, ita da ko taɓa shi ba ta yi sai da bayan hannu, ta ce in kira Kawu. A asibitin dabbobi likitar, wata mata mai fara'a, ta shafa masa wani abu mai zaƙi a dasashi, ta yi masa ƙarin ruwa, cikin ikon Allah ya fara ɗaga kai. Ta ce tsutsar ciki ce ta hana shi cin abinci, kuma irinsu ƙanana ba su da ajiya a jiki, in suka ɗan jima ba su ci ba sukarin jininsu ya faɗi ƙasa warwas. Sai ta juyo ta tambayi Umma yaushe rabonsa da ci, kuma me ya ci.

Yaya, ban taɓa ganin an tambayi Umma zancen abinci ta rasa amsa ba sai ranar. A mota, da muka kusa gida, ta fara magana, kamar da kanta take. Ta ce a masana'anta daga farantin da aka dawo da shi take gane wanda zazzaɓi ke shirin kamawa da wanda ya yi faɗa da matarsa, har ta sha bin mutum ta tambaye shi lafiya. Ga shi yau a gidanta ta cika kwano har ta hana kwanon gaya mata komai. Ba ta ɗora wa tsutsa laifi ba, ba ta ɗora mana ba, ta ce nata ne.

Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce masu barin abinci a gaban ƙaramin kwikwiyo yini guda ba mugunta suke yi ba, wasu ma tsoron faɗuwar sukarin ne ke sa su, amma ko su sai sun auna abin da suka ajiye su duba abin da ya rage. Ita dai ta fi son a ba Loma sau huɗu a rana, a lokaci sananne, da awo, a bar masa kamar kwata na awa sannan a ɗauke kwanon. Ruwa kaɗai za a bar masa kullum. In ya ƙara girma a koma sau uku, daga baya safe da yamma. Umma ta yarda da awon, ta yarda da lokacin, ta je da kanta ta tono kofin nan daga aljihun tebur. Wurin ɗauke kwanon ne aka yi daga. Ta ce tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa janye abinci daga gaban mai ci ba, ko maƙiyinta ne. Ranar farko ta gwada, Loma ya ɗaga kai ya dube ta, ta mayar da kwanon da sauri ta shige kicin tana buga tukwane. Na ce mata ta bari ni in riƙa ɗaukewa, ta ce ina shago zan ɗauke, ko ta waya?

Washegari na sauko da safe na ga abin da har yanzu in na tuna sai in yi dariya idona ya kawo ruwa. Umma ta jawo 'yar kujerarta baranda, ta zauna da kofin shayinta da burodi a faranti, ta ajiye wa Loma nasa can ɗan nesa, tana ci yana ci. Da ta gama ta share bakinta, ta yi hamdala, ta ce masa to sun ƙoshi, ta haɗa farantinta da kwanonsa ta ɗauke gaba ɗaya. Na tsaya baki buɗe. Ta harare ni ta ce me nake kallo, ai ba ƙwace masa ta yi ba, ci ne aka gama aka tashi, kuma in an tashi tare babu wanda aka wulaƙanta. Don haka ta raba abincinta na yini gida huɗu, saboda kada a ce akwai zaman da ya ci shi kaɗai. Ta sa na koya mata saita ƙararrawar waya, wayar da da ko saƙo ba ta buɗewa. Shi kuma ja'irin cikin 'yan kwanaki ya gane dawan garin. Da ya ji ƙarar jan kujera sai ki gan shi a guje kunnuwa na lilo, in kuma ya ga farantinta ya kusa ƙarewa sai ya duƙufa ba ji ba gani, ya lashe kwanon tas.

Yanzu in kika tambayi Umma za ta gaya miki abin da ya ci da safe da abin da ya rage da rana, ba tare da ta rubuta ko'ina ba. Ran nan ya bar rabi, kafin in dawo har ta sa Kawu ya kai su wurin likita, ashe haƙori ne ke damunsa, aka ce a riƙa jiƙa masa abincin da ruwan ɗumi. Fitsari da kashin da yake yi mana ko'ina ma sun daina, don ta san daidai lokacin da za ta fitar da shi bayan ci. An ɗora shi a sikeli ya ƙara nauyi, gashinsa har sheƙi yake. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ranar da Kawu ya faki ido zai miƙa masa guntun nama. Umma ta make masa hannu, ta ce in tausayi ne ke cinsa ya zo ya zauna a ci da shi a kan lokaci. Tabɗi! Umma fa, wadda ke ɗura wa baƙo abinci har sai ya roƙe ta da Allah. Kawu ya riƙe hannu yana cewa an canza masa yaya. Ni dai ina alfahari da ita, Yaya. Mutum ya kai shekarunta ya karya halin da aka san shi da shi, wanda ake yabonsa a kai, saboda wani ɗan abu da ba ya ko iya cewa na gode, ba ƙaramin abu ba ne.

Da saƙonki ya zo ban iya ɓoye mata ba. Ta ce ai mai abu ya fi kowa iko da abinsa, kuma kin yi gaskiya. Da hannunta ta haɗa masa kaya a jaka, bargonsa da maganinsa da kofin awo. Ta ce sai ta ga gidan da idonta, muka je tare. Ƙawarki mutuniyar kirki ce, ta karɓe mu hannu bibbiyu, ta nuna mana wata na'ura da ta saya mai zubo abinci da kanta in lokaci ya yi, tunda tana yini a ofis. Umma ta zagaya ta, ta yaba, ta sa wa ƙawarki albarka. Sai a hanya ta tambaye ni a hankali, in bai ci ba, wa na'urar za ta gaya wa?

Ga saƙon da ta ba ni, kuma na yi alkawarin ba zan ƙara ba zan rage ba. Ta ce in ce ki yafe mata, ta yi sakaci da amanarki. Kin dai san sau nawa Umma ta taɓa ce wa ɗayanmu haka. Ta ce ba ta roƙon a bar mata shi, abin da take nema kawai a jira har ya koma cin safe da yamma, lokacin ƙawarki za ta iya zama da shi kafin ta fita da bayan ta dawo. Iyakar nata ke nan. Nawa kuma, ni ina roƙo. Ki bar mata shi har ranar da za ku zo ku ɗauke shi da kanku. Jakar tana nan a bakin ƙofa, kullum sai Umma ta buɗe ta ciro kofin ta auna, ta wanke, ta mayar ta zuge, don kada a zo ɗaukarsa a manta da shi. Ni kam ba zan iya ɗaga jakar nan ba.

Ki gaishe min da maigidanki da kyau, ki ce masa muna godiya da hotuna. Ki shafa min kan ɗiyata, ki gaya mata ɗan karenta ya iya ba da hannu. Ki miƙa gaisuwata ga Goggo in kun je wurinta, Allah Ya ƙara mata sauƙin idon. Kawu yana gaishe ku, ya ce wai shi iyakar abin da ya gani ya faɗa. Umma tana sa muku albarka.

Duk abin da kika yanke, don Allah kada ki aiko ta bakina, ki kira ta ki gaya mata da kanki. Sai dai kada ki kira da tsakar rana, ba za ta ɗauka ba, suna cin abinci.

Taki har kullum,
Autar Umma