Inna Likita Ta Rasu, Amma Ba a Rufe Ɗakin Tiyata Ba

Cikin alhini mai nauyi da miƙa lamari ga Mahaliccinmu, Sashen Tiyatar Ƙoda da Mafitsara na wannan Asibitin Koyarwa, a madadin Mai Girma Babban Daraktan Asibiti, da Shugaban Sashe, da manyan likitoci, ma'aikatan jinya da ɗalibai, yana sanar da jama'a cewa ya sami labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Hajiya Farfesa, Babbar Likitar Tiyata, wadda kowa ya fi sani da Inna Likita. Ta rasu a gidanta bayan gajeriyar jinya, kuma an yi mata sutura kamar yadda addini ya tanada. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba Marigayiya ce ta ƙirƙiro cire tsakuwar ƙoda ta ɗan ƙaramin rami ba, kuma da tana raye ba za ta bari mu rubuta haka ba. Ta tarar ana huda kwiɓin mara lafiya da allura, a zura siririn bututu, a farfasa tsakuwar a zuƙo ta, ba tare da an tsaga ciki ba. Abin da ya dame ta shi ne lokacin da ke tafiya a banza kafin a fara: bayan an sa wa mutum maganin barci sai an taru an ɗaga shi an kifa shi rub da ciki, a sake gyara bututun numfashi, a sake shimfiɗa. Takan ce mutum ba katifa ba ne da za a yi ta juya shi. Ta je ta koyo yadda ake aikin mara lafiya yana kwance rigingine da ɗan matashi a ƙarƙashin kwiɓinsa, ta dawo ta yi ta fama da mu har hannunmu ya faɗa. Daga nan layin masu jira ya fara raguwa, kuma mafi yawan marasa lafiya, ba dukansu ba, suna komawa gida washegari ko jibi.

A kusurwar ɗakin tiyata akwai wata 'yar kujera mara majingina da ta kawo daga gida. Duk ranar da ɗalibinta zai riƙe allura, a nan take zama, ta cusa hannuwanta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne, domin ta ce idan ta bar su a sake za su ƙwace aikin ba da saninta ba. Daga nan take kallon allon hoto tana faɗin a yi ƙasa kaɗan, a dakata, a ja numfashi, ba gudu ake ba.

Wannan ne ya kawo mu ga maganar da ta fi damun Sashe. Tun da labari ya bazu, wasu daga cikin waɗanda aka sa wa ranar tiyata sun aiko cewa sun fasa. Wani bawan Allah, direban babbar mota, wanda tsakuwa ta toshe wa hanyar fitsari, ya zo har bakin ofis ya ce idan ba hannun Inna ba, a bar shi da tsakuwarsa, sun riga sun saba da juna. Mun duba kafin mu faɗi abin da za mu faɗa: fiye da shekara guda ke nan Marigayiya ba ta riƙe allura da hannunta ba. Likitocin da ta horar ne suke aikin, ita tana kan kujera. Takan gaya wa kowane mara lafiya haka kafin ya shiga, sai dai yawancinsu sun ɗauka tawali'u ne irin na manya, suka yi dariya, suka fita suna cewa Inna ce ta yi musu. Muna baƙin cikin cewa sai yau, a takardar ta'aziyyarta, ake fitowa fili a faɗa, alhali ita ta so a ji shi tana raye. Muna roƙon masu jira, don girman Allah, su dawo. Tsakuwar da ta toshe hanya tana iya lalata ƙoda a hankali ko da ciwon ya lafa.

Sashe yana miƙa ta'aziyyarsa ga maigidanta, Alhaji Baba, wanda ya sha jiranta cikin mota a ƙofar asibiti bayan an tashi, kuma ta yi ta yi masa alkawarin ajiye aiki da zarar yaran nan da take horarwa sun tsaya da ƙafarsu. Sun tsaya, Baba, amma hutun da aka yi maka alkawari bai samu ba, kuma ba mu da abin da za mu ce sai dai mu ba ka haƙuri. Muna kuma yi wa 'ya'yanta, jikokinta da 'yan'uwanta ta'aziyya. Allah Ya jiƙanta da rahama, Ya yafe mata kurakuranta, Ya sa ilimin da ta bari ya zama haske a kabarinta, Ya ba iyalanta juriyar wannan babban rashi.

Da babbar 'yarta ta zo asibiti kwashe kayan Marigayiya, ta ɗauki farar riga, tabarau da dardumar salla. Da ta kai hannu kan kujerar, Alhaji Baba ya ce ta bar ta, tun da gidan ya rasa ta shekara da shekaru kuma ba wanda ya zauna a ƙasa. A ranar tiyata mai zuwa Shugaban Sashe ne zai zauna a kanta, da hannuwansa a ƙarƙashin cinyoyinsa. Sunan direban nan ne na farko a layi, ba mu soke shi ba, kuma muna jiransa.

Sa hannu:
Jami'ar Hulɗa da Jama'a,
Sashen Tiyatar Ƙoda da Mafitsara,
a madadin Shugaban Sashe.