Na goge saƙon da zai kai shi karatun likita

Assalamu alaikum Anti, da ku masu bibiyar wannan shafi. Ina roƙon a sakaya sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san zagi ya dace da ni, amma shawara nake nema, kuma kwana huɗu suka rage mini.

Hannayensa na fara gani. Ina zaune a shagon kawuna a Sokodé, inda muke buga wa mutane takardu da kwafi, sai wani saurayi ya ajiye leda a teburina, yatsunsa duk tabon wuƙa. Ɗan mahauci ne a zongonmu, bari in kira shi Sadik. Sai da ya goge hannu a wandonsa sau biyu kafin ya zaro takardar bak ɗinsa, wato sakamakon jarrabawar gama sakandare. Shekarata goma sha tara a lokacin, kuma babu littafin soyayyar da direbobi ke kawowa daga Najeriya da ban karanta ba. Kafin ya gama sallama na riga na zaɓa wa 'ya'yanmu suna.

Tallafin karatu yake nema, abin da mu nan muke cewa burs, zuwa Maroko ya karanci likita. Malaminsa na lissafi ne ya ba shi labari, ya ce waɗanda suka ci bak a shekarar kaɗai ake ɗauka, wanda damar ta wuce shi ta wuce har abada. Duk wanda ya tashi a zongo ya san inda dosiye, wato takardun nema, ke tsayawa: takardar shaidar ɗan ƙasa. Kakansa daga Nijar ya zo, sai aka ce ya kawo takardar haihuwar babansa, ita kuma tana garin Dapaong, can arewacin ƙasar. Sau uku ya je a bayan motar shanu, ya dawo ƙafafu a kumbure. Ni na buga masa wasiƙar nema, na gyara ta har sau biyar, ni na buɗe masa imel tunda wayarsa ƙarama ce, kalmar sirrin ma ni na zaɓa. A cikin wannan zirga-zirgar muka fara son juna. Wata rana na tambaye shi shekara nawa zai yi, ya ce, "Bakwai, madam sakatare. Ke kuma kina nan kina buga wa tsofaffi takardar fili." Na ce, "Da Balarabiya za ka dawo." Ya yi dariya ya ce, "Balarabiya ta ga ɗan mahauci ta yi me da shi?" Ni ban yi dariya ba. A duk littattafan da na karanta, wane saurayi ne ya hau jirgi ya dawo wa wadda ya bari?

Wata Talata da safe saƙon ya shigo. An ɗauke shi. An ce ya amsa cikin kwana biyar, in ba haka ba a ba na bayansa gurbin. Na karanta sau uku, ina hango shi da farar riga wata na riƙe da hannunsa, ni kuma na tsufa a gaban injin kwafi. Na goge saƙon. Na shiga inda gogaggun saƙonni ke taruwa na sake goge shi. Wallahi a lokacin gani nake soyayyata nake karewa, kamar yadda jaruman littafi ke yi. Wace irin soyayya ce wannan? Kullum da la'asar yana leƙowa, "Madam sakatare, akwai labari?" In ce, "Babu tukuna." Sati uku muna haka. Ranar da ya haƙura ya ce Allah bai nufa ba, ya kawo mini balangu a takarda don gode mini da wahalar da na sha a kansa. Na karɓa, na ci a gabansa.

Ya shiga jami'a a nan gida, shekara ɗaya babansa ya kwanta ciwo, sai Sadik ya bar karatun ya riƙe teburin nama. Muka yi aure, daga baya muka koma Dapaong wajen baffansa. Shekara goma sha ɗaya ke nan, 'ya'yanmu uku. Na samu abin da na so, ko ba haka ba? Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Amma maƙwabta shi suke kawo wa takardar asibiti ya fassara musu, 'yan kasuwa na tsokanarsa da "dokta", yana dariya. Na taɓa iske shi ya tsaga zuciyar akuya yana nuna wa Aisha, babbar 'yarmu, ta inda jini ke shiga da ta inda yake fita. Na shige ɗaki na yi kuka, na ce masa albasa ce.

Satin da ya wuce wani ɗan ajinsu ya tsaya sayen nama, likita ne yanzu. Cikin hira ya ce wa Sadik, "Ai gurbinka aka ba ni. Sunanka na saman nawa, aka ce ba ka amsa ba. Me ya hana ka?" Wannan likita ɗan ƙanwar malamin lissafin nan ne, kuma malamin ne ya kai dosiyoyin ɗalibai Lomé, babban birni. Sai Sadik ya haɗa lissafinsa: malam ne ya sauya adireshin imel ɗin don ɗan 'yar'uwarsa ya samu. Mutumin da ya yi masa darasi kyauta shekara biyu, wanda yanzu ya tsufa ido ya tafi, sai an ja shi zuwa masallaci.

Ranar ya dawo tun azahar, bai taɓa abinci ba. Ban taɓa ganin mijina yana kuka ba sai ranar. Ya ce, "Maman Aisha, kullum sai na yi wa mutumin nan addu'a. Ba ƙararsa zan kai ba, so nake ya faɗa da bakinsa a gaban dattawa bayan sallar Juma'a." Sannan ya kama hannuna ya ce, "Ke ce shaidata. Ke kike duba saƙon kullum. Za ki dafa Alƙur'ani ki gaya musu babu abin da ya shigo."

Idan na rantse, na tozarta tsohon da bai yi komai ba, kuma na haɗa kaina da Allah. Idan na faɗi gaskiya, da wane ido zai dube ni? Uzurin da nake da shi kaɗai shi ne ina son sa, kuma ni kaina na daina yarda da wannan uzurin. Tun ranar bai koma kasuwa ba, yana zaune a tsakar gida da tsohuwar ledar takardunsa a cinya. Ya riga ya kama mana kujera biyu a motar Sokodé ta ranar Alhamis.

Jama'a, ku dube ni don Allah. Me zan yi?