Gwiwar Hannun Hedley Thwaite

Mayu, 1954

Zuwa ga Yayata Doreen, mai cikakken iko a kan tukwanen gidanmu,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi da biyayya. Ina fatan kina lafiya, da Baba da ciwon ƙafarsa, da dukan mutanen Scarby, har waɗanda suka rantse ba zan yi abin kirki ba.

Bayan haka, ina mai alfaharin sanar da ke cewa ƙanenki, wanda kika sha ja wa kunne, ya taka filin wasan kurket na gunduma a sahun manya. Ranar Asabar kyaftin ya miƙo mini ƙwallo ko dubana bai yi ba. Na sake ta, ta dira, ta karkace, ta tumɓuke ta tsakiya cikin sanduna ukun da wani gwarzo da ake buga hotonsa a katin sigari yake karewa, ya fice daga fili. Kafin a tashi shan shayi na sallami wasu huɗu. Na yi wa abokan wasa taƙaitaccen jawabi a kan tarihin wannan nasara, suka rufe ni da jiƙaƙƙen tawul. Yanzu Shugaban Majalisa suke kirana.

Saura hular gunduma. Kin san ba a sayenta, ba a roƙonta. Ranar da kyaftin ya ga dama zai ɗora wa mutum ita a tsakiyar fili, daga nan ya zama ɗan gida. Mista Garside, tsohon da ke horar da mu, ya ce in rage baki, wataƙila in same ta kafin kakar wasa ta ƙare.

Sai dai, Yaya, matar da nake haya a gidanta tana dafa kabeji kamar akwai gaba tsakaninsu. In yamma ta yi nakan tuna filin ƙauyenmu, da shanun da ke leƙowa ta kan shinge, da ke kina yanka wa 'yan wasa burodi kina faɗa.

Naki ƙane mai tashe,
Hedley

Yuli, 1954

Yayata Doreen,

Ina gaishe ki da Baba, da fatan zafin nan bai takura muku ba. Na gode da kek ɗin, ya iso a farfashe amma da mutuncinsa.

Kin riga kin gani a jarida, don haka ba zan yi wa maganar ado ba. Alƙalin da ke tsaye daga gefe ya kira mini laifi, ya sake kira, ya kuma sakewa. Ya ce gwiwar hannuna tana lanƙwashewa kafin in saki ƙwallo, doka kuwa miƙaƙƙen hannu ta sani. Wani daga cikin 'yan kallo ya ce, “Kai yaro, in kwakwa kake son jifa, jira bikin ƙauye, can ake wannan wasa.” Kyaftin ya karɓe ƙwallon, ya tura ni can bakin iyaka, inda na yini ina zurfafa bincike a kan rayuwar tattabaru.

Mista Garside ya ɗaure mini hannun da katako. Hannun ya miƙe kam, amma ƙwallon sai ta riƙa tafiya salin-alin, har ke ma da muciya za ki buga ta. Da ya gaji, ya zaunar da ni ya tambayi inda nake atisaye da hunturu. Na bugi ƙirji na ba shi labarin rumfar da Baba ya gina mini bayan gida tun ina yaro, katako bayan katako, in ya taso daga aikin fasa dutse, don kada ƙanƙara ta hana mu wasa. Ya ce in ɗaga hannu in nuna masa tsayin rufin. Na ɗaga, hannun ya tsaya da kansa inda ya saba tsayawa, a lanƙwashe.

Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, “Ɗana, kai ka yi tsawo, rufin bai yi ba.”

Na sauke hannun a hankali.

Naki,
Hedley

Satumba, 1954

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Baba. Allah Ya sa tarin da kika ambata ya sake ki.

Majalisa ta rushe. Sakataren ƙungiya ya kira ni ofis, ya yaba hazaƙata da kalmomin da ni kaina na yi sha'awarsu, ya ce ba za su neme ni baɗi ba. An raba huluna biyu a wasan ƙarshe. Na tafa sosai, har tafin hannuna ya yi ja.

Jiya na koma filin babu kowa sai mai yankan ciyawa. Na tsaya inda nake fara gudu. Yaya, ban san mutum zai iya kewar wuri alhali yana tsaye a cikinsa ba. Ƙamshin ciyawar, da shirun da kan sauka in na juyo da ƙwallo a hannu, su nake so a bar mini ko da hula babu.

Kin rubuta cewa Baba ya hau tsani da ƙafar nan tasa ya shafe rufin rumfar da kwalta, wai da hunturun nan zai gyara mini hannu in koma. Ina roƙonki da girman Allah kada maganar Mista Garside ta fita daga bakinki. Ki bar shi a kan cewa alƙalin nan makaho ne, kamar yadda yake faɗa wa kowa a ƙofar coci.

Zan iso a jirgin ƙasa na ranar Juma'a. Ki ce wa Baba ya shafa wa sandarsa ta bugun ƙwallo mai. Zan shiga rumfar, in lanƙwashe hannu, in jefa masa, ya buga.

Ƙanenki har kullum,
Hedley