Rosarin Sisiliya da zaren taru

Laraba da dare, Kurgu

Tun da muka binne ɗiyata Sisiliya na kasa addu'a. Ran nan ma rosarinta ya tsinke a hannuna, duwatsun suka watse a tsakar gida, na bar su nan.

Yau da la'asar maƙwabciyata Inna Hajara ta shigo da shi ƙulle a bakin zane. Ashe ɗaya-ɗaya ta tsince su, maigidanta ya zura su da zaren gyaran tarunsa. Sai dai talatin da uku ya jera kafin ya yi ƙulli, irin na carbinsu, maimakon goma-goma.

Ta ce, "Maman Sisiliya, in mun ɓata, a kwance."

Na ce, "A bar shi haka, Inna."

Ɗazu na durƙusa ina gai da Maryamu. Yatsuna suka nemi inda goma ta ƙare suka rasa, sai na daina ƙirga. Uwa, ke ma kin rungumi gawar ɗanki, ba sai na yi miki bayani ba.

Zaren yana ƙarnin kifi. Na ja shi da ƙarfi, bai tsinke ba.