Makullan Baba a Takardar Asger

Litinin, 3 ga Maris

Gwaji a ɗakinmu na ƙasa, bakin tashar jiragen ruwan Aarhus. Asger ya kawo sabon kiɗan da za mu yi a bikin jaz na Afrilu, ya sa masa suna "Gishiri". Ya miƙo mini takardar ganguna, na duba sama na duba ƙasa, babu farin fili. Shekara goma sha ɗaya muna tare, shi a fiyano, Ebbe da bas ɗinsa, ƙaton gogen nan da ake kaɗawa a tsaye, ni a ganguna, kuma kullum rabin kiɗan rubutacce ne, rabi fili ne da ake bar wa mutum ya kaɗa abin da ya zo masa a hannu. Na ce, "Malam marubuci, yau tawada ta yi araha ke nan?" Ya yi dariya ya ce in gwada kawai.

Abin mamaki, hannuna yana riga idona isa wurin.

Talata, 4 ga Maris

Ina kan keke a gaban jar fitilar titi abin ya faɗo mini. Shafi na uku an rubuta: "A ɗora makullai bisa ƙaramar ganga." Nawa ne. Abin da na kaɗa ne a Nuwamba, kwana biyu da binne Baba, ranar da na zo gwaji da makullan gidansa a aljihu na ɗora su kan ganga don ban san inda zan ajiye su ba. Minti shida na yi, ban san ma me nake yi ba.

A saman takardar suna ɗaya ne: Asger Brøndum.

Alhamis, 6 ga Maris

Dokarmu ɗaya ce tun farko. Muna ɗaukar sautin kowane gwaji, mu saurara sau ɗaya tare, a goge. Abin da aka kaɗa a farin fili iska ne, ba na kowa ba. Asger da bakinsa ya kafa dokar, lokacin yana da gashi.

Na tare shi wajen injin kofi. Bai ma musa ba.

"Solvej, ceton kiɗan na yi. Da yanzu ya ɓace."

"Wa ya aike ka?"

"Mako uku na yi ina rubuta shi bugu bayan bugu. Ke ko mashi aka ɗora miki a wuya ba za ki iya maimaita shi ba."

Na ce ai don kada a maimaita na kaɗa shi. Ya ce sunan nan na sama tsarin masu bikin ne kawai, sunan wanda ya rubuta ake sawa. Ya gutsuri burodinsa ya ci gaba da tauna. Taunar nan ta fi maganar ƙona mini rai.

Juma'a, 7 ga Maris

Na'urar ɗaukar sautin a jakar Ebbe take zama. Shi ke gogewa. Sai yau kaina ya kawo wuta.

Ashe da ɗan gari akan ci gari.

Lahadi, 9 ga Maris

Ebbe ya zo gida da burodin kirfa, ya tsaya a bakin ƙofa tsuru-tsuru kamar kare ya ci nama a tukunya. Ebbe da ya ɗauki kusurwa ɗaya ta akwatin gawar Baba. Wai yatsansa yana kan maɓallin gogewa, ya kasa. "Ban taɓa jin kin yi kiɗa irin wannan ba, ƙawata. Asger kuma ya roƙe ni, ya ce saurara kawai zai yi." Na ce to ni me ya hana a roƙe ni? Ya miƙo mini burodin.

Na karɓi burodin, ban ce ya shigo ba. Na cinye shi duka a tsaye, ina jin haushin daɗinsa.

Laraba, 12 ga Maris

Na je gwaji da niyya. Da muka iso shafi na uku na saki takarda na bi hannuna. Asger ya ɗaga hannu daga fiyano.

"Ba haka yake ba. Kin yi sauri, kuma kin tsallake hutun."

"Wane hutu?"

"Bugu bakwai, shiru. Ga shi nan a rubuce."

Na duba. Na gane wurin. Ba hutu ba ne, nan ne kuka ya ci ƙarfina na rasa sandar hagu. Har kukana ya zauna ya ƙirga, ya samu bakwai, yau kuma yana gyara mini shi. Na tattara sanduna na fito. Ban buga ƙofa ba, na dai so.

Talata, 18 ga Maris

Ban je ba. Ban ɗaga waya ba.

Asabar, 22 ga Maris

Gorm, makaɗin gangunan nan na Malmö mai surutun tsiya, ya kira ni yana washe baki ta waya. Asger ya aika masa takardar "ko da wani abu zai faru". Tambayarsa ɗaya: makullan, na mota za su yi ko sai na gida?

Na ce ya gwada na gidan ubansa. Na kashe.

To ga inda aka kwana. In na ƙi, Gorm zai zauna gaban mutum ɗari huɗu ya yi kukan ubana da makullan motarsa. In na je, na kaɗa kaina da kaina ƙarƙashin sunan wani. Dā ina taƙama babu mai iya maye gurbina a wannan ƙungiya don babu wanda ya san me zan buga, har ni. Yanzu an mai da ni shafi huɗu, ana aikawa ta wasiƙa.

Litinin, 24 ga Maris

Na koma, da sharaɗi biyu: sunana a sama kusa da nasa, kuma na'urar ta dawo jakata, ni zan riƙa gogewa. Asger ya ce an riga an buga takardun biki, amma zai faɗa da baki. Ebbe ya miƙo na'urar da hannu biyu, bai dube ni ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi, ƙarfe uku na rana, zaure cike. Asger ya faɗi sunana, daidai lokacin da ake tafi, ban jin wani ya ji.

Na kaɗa shi yadda aka rubuta, da makullan Baba. A wurin shirun na ƙirga bakwai, idona a bushe. Wata tsohuwa a layin gaba tana share hanci da gyalenta. Ni kuwa tunanina ko na kulle keke.

Yana da kyau. Wannan ne abin da ba zan yafe ba. Asger ya yi gaskiya, da kiɗan ya ɓace, kuma yanzu da bai ɓace ba, ba nawa ba ne.

Laraba, 9 ga Afrilu

Gwaji jiya. Muna magana, ta aiki. A farin filin tsohon kiɗanmu Ebbe ya rufe ido ya ja wani abu da bakan bas, a hankali, kamar mai ba da haƙuri. Minti huɗu. Ni ya yi wa, na sani. Muka saurara sau ɗaya, na ce musu zan goge a gida.

Na'urar tana kan tebur. Zan goge.

Na biya shago na sayi takardar rubuta kiɗa, don kawai in ga ko hannuna ya manta. Layi goma sha biyu na farko na kiɗan Ebbe sun fito, akwai wuri guda da numfashinsa ya tsaya, bugu biyar ne. Sunan da ke sama nawa ne, da fensir na sa shi, ana iya gogewa.