Takardar da ke aljihun rigarka

Baban Ladi,

Ina gaishe ka cikin sunan Yesu, don haka aka koya mana. Ba don haka ba, yau ba za ka sami gaisuwata ba.

Wata bakwai ke nan da aka dawo mini da kai daga ƙasar Sin a cikin akwati. Jiya na ciro rigar aikinka zan bayar, sai ga takardar wani likita na unguwar Marylebone, nan ƙasar Turawa, a aljihu. Ladi ce ta karanta mini, tana kuka. Likita ya ce zuciyarka ba za ta ɗauki doguwar tafiya ba. Ka ninke takardar, ka yi booking ɗin jirgi, ka ce mini wurin aiki ne suka tura ka.

Wa yake tura mai gadi ƙasar waje? Ni ma da wautata, na yarda.

Shekara goma sha shida kana tsaye a ɗaki ɗaya a gidan tarihi a unguwar Bloomsbury, kana gadin zanen Buddha da aka kwaso daga kogon dutse a hamadar ƙasar Sin. Ka dawo ƙafa a kumbure, ina gasa maka, kai kuwa sai labarin fatake da raƙuma. Kullum, “Saratu, sai na ga kogon nan da idona.”

To, ka gani.

Wayarka cike take da hotunan zanen bangon kogon. Na ƙarshe wasu mata ne a jere, furanni a hannu. Ka taɓa ce mini matan fatake ne, suna roƙon mazansu su dawo lafiya. A ƙasa ka rubuta sunana. Ka ɗauka zan ji daɗi? Su fenti ne, za su iya jiran shekara dubu. Ni mutum ce, Ishaya.

A coci ana ta ƙus-ƙus, wai me ya kai dattijon ikkilisiya wurin gumaka. Maganar ta kai har Kafanchan, kunnen Mamarka. Abu ɗaya tsohuwar nan ta riƙe: ɗanta a bakin aiki ya mutu.

Ɗazu ta kira, ta ce, “’Yata, aiki ne ya kai shi, ko?” Takardar tana hannuna.

Na ce, “Aiki ne, Mama.”

Ka tafi ka bar mini ƙaryarka, ni zan riƙa ɗaukarta har a binne tsohuwar nan.

Hoton ban goge ba. Na gwada, hannuna ya ƙi.

Ubangiji ya ba ka hutawa, ya hutar da ƙafafun nan naka. Ya gafarta maka, don ni ban kai nan ba tukuna.

Matarka har yanzu,
Saratu