Kwancin Gimbiya

Zuwa ga ƙanena mai inji,

Bayan gaisuwa, wadda tela ne ya ce dole a sa ta. Shi ke rubuta mini, tunda kai aka kai makaranta, ni aka bar ni da kashin kaji.

Kwana tara ke nan kazata Gimbiya ba ta shiga akurki ba. Jiya na taka turmi na leƙa ta katanga, sai ga ta bayan buhunan gawayinka, ta baje fukafukai tana kwanci. Na kira ta, ta kumbura mini gashi kamar ba ta san ni ba. Shekara goma sha biyu ban taka gidanka ba, ba kuma zan taka ba. Miƙo mini ita ta katanga.

Da matata ta rasu na ba ka riƙon 'yata, Uwata, mai sunan mahaifiyarmu. Yau kai take kira Baba, ni kuwa na zama "Baban can gida". Yanzu har kazar? Wai me kake zuba musu ne?

Ka huta lafiya, in ka ga dama.
Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Don Allah a daina hawa turmi.

Ba wanda ya kira Gimbiya, da kanta ta tsallako. Injin ƙyanƙyasata ya lalace, ga ƙwai goma sabbi, sai Uwata ta ga kazar tana neman gurbi, ta jera mata su. Ka fi ni sani, in aka ɗaga mai kwanci, ƙwan ya huce, sai baragurbi. Saura kwana goma sha biyu. A yi haƙuri.

Allah ya ƙara girma.
Ƙanenka

Zuwa ga mai mataccen inji,

Gaisuwa. Tela sai da ya karanta mini wurin lalacewar nan sau uku. Ashe akwatin da kake tara mutane suna kallo ya mutu? Inji ya san ya fige gashin ƙirjinsa don ƙwai ya ji ɗumin fata? Ya san ya juya su da baki, ya ture rubabbe gefe?

To ka ji hukuncina. 'Yan tsakin nawa ne, duka goman. Kada ka ce ƙwanka ne. Saka ƙwai kowace sakarar kaza na yi. Wadda ta zauna a kai, ta rame, ta hana kanta ci da sha, ita ce uwa.

Sai ka miƙo su.
Yayanka

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa. Na karɓi hukuncinka, 'yan tsaki naka ne. Sai dai da Uwata ta karanta mini shi, na tambaye ta, a wannan hukuncin ita ta wa ce? Shekara goma sha biyu nake zaune a kai.

Ta ƙwace biron, ga ta.

Baba, ni ce. Ba rikicinku ya dame ni ba. Kwana uku Gimbiya ba ta taɓa dusar da nake zuba mata ba, ƙashin ƙirjinta har ya fito. Ina jin ba za ta kai ba. Ba wanda ya iya kiran da kake yi mata. Da hantsi take sauka daga kan ƙwan. Ni zan buɗe maka ƙofa.

'Yarka

Uwata,

Tela ya rantse "Baba" kawai kika rubuta, ba "can gida" a bayansa. Na sa ya nuna mini wurin da yatsa.

Ba dusa take ci ba, sai tsaki, a tafin hannu. Gobe ina tafe da shi. Wurin kaza zan zo, ki gaya wa mai injin. Hukuncin nan kuma na kaji ne kawai, kada ya ƙara ɗauko shi.

A ajiye mini kujera kusa da gawayin. Ka ga... a'a, kin san wadda shi mai injin yake zama a kai? To ita nake so.

Babanki